Ya yi korona, ya yi allura uku, ga shi ta sake kama shi: ina garkuwar take?

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah ina likitocinmu da ma'aikatan jinya, ku zo ku warware mini abin da ya ɗaure mini kai. Maigidana ya dawo daga aikin hajji da tari da mura, muka ɗauka murar Makka ce irin wadda kowane alhaji ke dawowa da ita. Da zazzaɓi ya ƙi sauka ƙaninsa ya matsa aka je aka yi gwaji, sai ga korona. Mutumin nan fa ya yi ta a sanyin farkon 2021, har sai da aka kwantar da shi aka sa masa iska. Bayan nan ya yi allura biyu, da zai tafi Saudiyya ya ƙara ta uku. Ba cewa aka yi wanda ya yi ta ya gama da ita ba? In ciwon bai kare shi ba, allura ba ta kare shi ba, to me ke karewa? Sannan wane magani za mu ba shi? Maƙwabciyata ta ce a sayo deksa, wato deksametason.

Ɗan Zangon Kumasi:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah ya karɓi ibadar Alhaji, ya sa ciwon kaffara ne.

Ɗan Kwari:
Allah ya ba shi lafiya. Amma Hajiya ai ke da kanki kin amsa tambayarki. Allura uku! Wane irin rigakafi ne za a yi wa mutum har sau uku kuma ciwon ya zo ya same shi? Ni tun 2020 nake faɗa, mura ce aka raɗa mata suna, aka kulle mu a gida, azumi ya zo kasuwa a rufe. Waɗanda za su ci kuɗinta sun ci. Kayan tallafin ma a rumbuna aka jibge su sai da matasa suka fasa a Jos da Kaduna da Legas. Ki dafa masa citta da lemon tsami, ki sa zuma, ya sha ya kwanta.

Likitan Zaure:
Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Kafin dogon bayani, amsa mini waɗannan. Yaya numfashinsa? Yana iya magana mai tsawo ba tare da ya tsaya yana haki ba? Yana ci yana sha? Yana da suga ko hawan jini? Deksa kuwa kada ki ba shi ko ƙwaya ɗaya, zan faɗi dalili.

Maman Sadiq:
Numfashi lafiya lau likita. Yana cin abinci, yanzu haka ma yana falo yana hira da 'yan barka da dawowa. Suga dai yana da shi, ya daɗe yana shan magani. Gaskiya wannan karon bai kama ƙafar na farko ba.

Likitan Zaure:
To da farko a sallami 'yan barka da dawowa. A miƙa musu dabino da zamzam ɗinsu daga ƙofa, musamman tsofaffi, shi kuma ya koma ɗakinsa a buɗe tagogi.

Na biyu, Malam Ɗan Kwari ya ce kin amsa tambayarki, na yarda, sai dai ba amsar da yake nufi ba. Mai ciwon suga wanda a 2021 sai da aka sa masa iska, yau ga shi a falo yana hira. Garkuwar da kike nema ke nan.

Garkuwar jiki hawa biyu ce. Akwai sinadaran da ke yawo a jini, da zarar ƙwayar cuta ta shigo su manne mata su hana ta shiga ƙwayoyin halittar jiki. Suna yawa bayan ciwo ko bayan allura, sannan su riƙa raguwa cikin watanni. Haka jiki yake yi da kusan kowace cuta, ba aibu ba ne. Hawa na biyu su ne ƙwayoyin jini masu riƙe tarihin cutar. Wasu in sun sake ganinta sai su ƙera sababbin sinadarai, wasu kuma su bi ƙwayoyin jikin da cutar ta riga ta shiga su kashe su. Waɗannan suna daɗewa sosai. A Singafo an gwada mutanen da suka yi cutar SARS, 'yar uwar korona, a 2003, aka tarar da irin waɗannan ƙwayoyin a jininsu bayan shekara 17.

Ki ɗauka mai gadi ne a bakin ƙofa wanda ya san fuskar ɓarawo. Ɓarawon ya naɗa rawani ya sauya riga ya wuce shi. Amma mutanen cikin gida sun san tafiyarsa da muryarsa, kafin ya kai ɗakin maigida sun rufar masa. Shiga ya shiga, ɓarnar ce ba ta yi yawa ba.

Ɗan Kwari:
Mai gadin da ɓarawo ke wucewa saboda rawani ai korarsa ake yi likita.

Baba Mai Ritaya:
Ɗana likita, ni ina da tambaya irin ta tsofaffi. Muna yara an yi mana lamba a dantse saboda agana, sau ɗaya, har yau tabon na nan, agana kuma ta ɓace daga duniya. Ƙyanda ma duk yaron da ya yi ta ya gama, uwaye sun san wannan tun kafin zuwan asibiti. Allurar shawara yanzu cewa suke ɗaya ta isa har ƙarshen rai. Me ya sa wannan ta fita daban? Ko masu haɗa allurar ne suka yi gaggawa?

Ɗalibar Kimiyya:
Baba ina wuni. Bari in ɗan taɓa kafin likita ya dawo, in na kauce ya gyara mini.

Bambancin daga ƙwayoyin cutar yake. Ƙwayar ƙyanda ba ta iya sauya ɓangaren jikinta da garkuwa ke ganewa, in ta sauya shi ba za ta iya kama mutum ba. Shi ya sa allurar da aka fara a 1963 har yau tana aiki. Sannan ƙyanda tana da nawa. Daga shigarta zuwa fitar alamu kwana 10 ne ko fiye, kuma sai ta bi ta cikin jini. Wannan ya ba garkuwa isasshen lokaci ta farka ta tare ta tun mutum bai san an yi ba.

Korona a hanci da maƙogwaro take sauka ta fara hayayyafa nan take. Nau'in Omikron kusan kwana 3 ya ishe shi ya fito da alamu, ƙwayoyin da ke riƙe tarihi kuwa suna bukatar 'yan kwanaki kafin su kammala shiri. Sai a yi mura da zazzaɓi, amma kafin ta gangara huhu an cim mata. Ga kuma rikiɗa: a ƙahon da take maƙale wa jiki da shi kaɗai, Omikron ya zo da sauye-sauye sama da 30.

Wani abin da mutane ba su cika sani ba, tun kafin 2019 akwai danginta guda huɗu da ke yawo cikin mutane suna sa mura. Kusan kowa a zauren nan ya yi su tun yana yaro, kuma suna sake kama mutum bayan shekara ɗaya ko 'yan shekaru. Halin gidansu ne.

Baba Mai Ritaya:
Madalla 'yata, Allah ya yi albarka ya ƙara basira. Agana 1980 aka sanar an gama da ita, ina aiki a lokacin, a rediyo na ji.

Sista Ta Ingila:
Anti Maman Sadiq sannu da jinya. Kan maganar "an ce wanda ya yi ta ya gama", gara a bi ta daki-daki, don abin da ya tabbata a 2021 daban yake da na 2022.

A watan Afrilun 2020 Koriya ta Kudu ta ga ɗaruruwan mutane da suka warke gwaji ya sake nuna suna da ita. Hankali ya tashi. Da aka bincika sai aka ga gwajin PCR ne ke tsinto ɓurɓushin matattun ƙwayoyi, mutanen ba sa harbin kowa. Wanda aka fara tabbatarwa ya kamu sau biyu wani ɗan shekara 33 ne a Hong Kong, a Agustan 2020. Ya yi ta a watan Maris, ya je Sifaniya ya dawo, aka gano ta a filin jirgi, kuma da aka duba tsarin halittar ƙwayar aka ga daban take da ta farko. Karo na biyun ko tari bai yi ba. Amma a jihar Nevada ta Amurka an samu matashi ɗan shekara 25 wanda na biyun ya fi tsanani har ya bukaci iska. Tun farko ke nan an san tana iya dawowa, sai dai ba kasafai ba.

A nan Ingila an bi ma'aikatan asibiti dubbai ana gwada su a kai a kai, a farkon 2021 aka ce wanda ya taɓa yi haɗarin sake kamuwarsa ya ragu da kusan kashi 83 cikin 100 na aƙalla wata biyar. Denmark ta samu kusan kashi 80, amma ga waɗanda suka kai shekara 65 kashi 47 kacal. A lokacin in an ce miki da wuya ya sake yi, gaskiya aka faɗa miki.

Sai Afirka ta Kudu ta ba da rahoton Omikron a ƙarshen Nuwamban 2021, lissafi ya canza. Binciken Qatar ya nuna wanda ya taɓa yi yana da kariyar kusan kashi 92 daga sake kamuwa da nau'in Delta, amma kashi 56 daga Omikron. Sai dai kariya daga kwanciya rai a hannun Allah ko mutuwa ta tsaya wajen kashi 88. Lambobin nan biyu na ƙarshe su ne labarin Alhaji. A tsakiyar 2022 kuma jikokin Omikron ne ke yawo, BA.4 da BA.5, suna kama har waɗanda suka yi Omikron na farko. A ce mutum kusan miliyan ɗaya daga ko'ina a duniya sun haɗu a Mina da Arafa a hajjin 2022, ai dole wasu su dawo da ita.

Na Maraɗi:
Salamu alaikum. Ni abin da nake gani a nan wajenmu, babu mai sa takunkumi, babu mai zuwa likita a gwada shi, kasuwa cike, masallaci cike, kuma ba mu ga gawawwaki ba kamar yadda Turawa suka yi muna alkaba'i. Ko dai duk mun yi ta mun warke ba mu sani ba? In haka ne ai mun gama, allurar me kuma?

Likitan Zaure:
Malam, rabin maganarka gaskiya ce tsantsa. Da hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka a Najeriya ta gwada jinin mutane a ƙarshen 2020, ta samu alamar an taɓa kamuwa a jikin kashi 23 cikin 100 a Legas da Inugu, kashi 19 a Nasarawa, kashi 9 a Gombe. Tun kafin Delta da Omikron ke nan. A watan Afrilun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan kashi 65 na mutanen Afirka sun kamu, wato ninki 97 na abin da aka rubuta. To mafi yawanmu mun yi ta muna ce mata zazzaɓin sauro ko mura. Abin da ya fi taimakonmu ƙuruciya ce: kusan rabin 'yan Najeriya ba su wuce shekara 18 ba, Nijar ma ta fi haka yara, cutar kuwa tsofaffi ta fi kayarwa.

Amma "ba mu ga gawa ba" kada ka faɗe ta a Kano. A watan Afrilun 2020 masu haƙar kabari ne suka fara kokawa. Dattawa, malaman jami'a, masu sarauta, kullum sai sanarwa. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce cikin mace-mace 979 da aka bincika, kashi 50 zuwa 60 na da alaƙa da korona. Abba Kyari ma a watan ya rasu, shi da ke da damar kowane asibiti a ƙasar.

Batun "mun gama" kuwa, mutanen Manaus a Brazil sun yi wannan zaton. Wani bincike ya ƙiyasta kashi 76 nasu sun kamu zuwa Oktoban 2020, aka ce gari ya samu garkuwa. A Janairun 2021 sabon nau'i ya taso, iskar oksijin ta ƙare a asibitoci, mutane suka mutu a kan gado ana kallo. Cutar da ke rikiɗa, kariyarta kuma ke raguwa, ba a gama da ita ta hanyar kowa ya kamu. Abin da ke faruwa shi ne kowane zagaye tana tarar da jikin da ya santa, sai kaifinta ya ragu. Allura tana kai mutum wannan matsayin ba tare da ya bi ta gadon asibiti ba, kuma wanda ya haɗa biyun, ciwo da allura, shi ya fi kowa kariya a binciken da aka yi.

Ɗan Kwari:
Tunda ka kawo Kano likita, mu ma ba mu manta 1996 ba. Kamfanin Pfizer ya zo lokacin sanƙarau ya gwada maganin Trovan a kan yara wajen 200, 11 suka mutu, wasu suka nakasa. Sai 2009 suka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Yau kamfanin nan ne za a ce in miƙa wa dantsena? Sannan allurar da suka turo mana, sama da miliyan ɗaya ba a Abuja aka murƙushe ta ba a Disambar 2021 don ta lalace? Saura kwana kaɗan ta mutu suka ba mu sadaka.

Likitan Zaure:
Duk abin da ka faɗa ya faru, kuma ba ni da bakin kare shi. Wanda aka yi wa Trovan yana da haƙƙin ya yi tambaya sau goma. Abin da zan ƙara, zargin nan shi ya sa aka dakatar da allurar shan inna a Kano a 2003, kuma yaranmu ne suka biya, cutar ta bazu har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Gwajin Trovan yara 200 ne aka yi wa a ɓoye. Allurar korona kuwa an yi sama da biliyan 12 a duniya, kuma ƙasashen masu kamfanonin su suka fara layi, har suka yi mana rowarta. Murƙushe wadda ta lalace kuwa abin da ya kamata ke nan, laifin na wanda ya riƙe ta sai da ta kusa mutuwa ne.

Ɗan Kwari:
Ni dai ban yi ba, ba zan yi ba, kuma ga ni garau.

Mai Zaure:
Jama'a a yi hattara. Hajiya magani ta tambaya, an bar ta an tafi 1996. Kowa ya faɗi ra'ayinsa amma ban da gugar zana, wanda ya turo sautin nan na "allura na kashe mutum cikin shekara biyu" kuma na goge shi.

Mai Kemis:
Yawwa, a dawo kan deksa, don ni abin ya fi shafa. Tun 2020 da aka faɗa a rediyo cewa an samu maganin korona, duk mai mura sai ya zo ya ce a haɗa masa da deksa. Da can mata masu neman ƙiba ne ke sayenta, sha-ka-fashe, yanzu har magidanta. Likita in an ce tana ceton rai, me ya sa ka hana Hajiya?

Likitan Zaure:
Saboda ciwon zango biyu ne, kuma maganin zango ɗaya guba ne a ɗayan. A makon farko ƙwayar cutar ce ke hayayyafa, jiki na yaƙarta. A mako na biyu, ga waɗanda abin ya yi wa tsanani, ƙwayar ta fara ja baya amma garkuwar jiki ta wuce gona da iri tana kumbura huhu. Deksa aikinta danne garkuwa. Ka ba da ita a makon farko, ka ɗaure hannun mai yi maka faɗa.

Binciken da Jami'ar Oxford ta jagoranta, wanda aka sanar ranar 16 ga Yunin 2020, shi ya fito da ita. Ta rage mutuwa da kashi ɗaya bisa uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi, da ɗaya bisa biyar ga waɗanda aka sa wa iska. Ga wanda bai bukaci iska ba, ba ta amfana komai ba, alamu ma sun karkata ga cutarwa. Rediyo ta faɗi rabin farko, rabi na biyu bai iso kemis ba.

Ga mai suga abin ya fi muni, don tana harba suga sama. A Indiya lokacin Delta a 2021 an yi ta shan irin waɗannan magunguna barkatai, sai ga wata cutar fumfuna mai cin hanci da ido ta kama sama da mutum dubu 40, akasarinsu masu suga. Wasu sai da aka cire musu ido.

Maman Sadiq:
Innalillahi. Har na aiki yaro, bari in kira shi ya dawo.

Na Maraɗi:
To tazargade fa lokotoro? Shugaban Madagaska da kansa ya sha a gaban duniya.

Ɗalibar Kimiyya:
Ya sha a Afrilun 2020, Andry Rajoelina. Har shugaban Guinea-Bissau ya kawo wa Buhari nasa kason a watan Mayu. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja ta duba ta ce yawancinsa tazargade ne, kuma ba ta ga hujjar yana warkar da korona ba. Madagaska kanta cutar ta ci gaba da yaɗuwa. Tazargade ganye ne mai daraja, daga cikinsa aka ciro sinadarin maganin zazzaɓin sauron da muke sha yanzu, amma sauro daban korona daban. Haka kulorokwin: Trump ya yabe shi a Maris ɗin 2020, cikin kwanaki aka kwantar da mutane a Legas saboda sun sha ya wuce kima, da aka gwada shi a kan dubban marasa lafiya kuma bai rage mutuwa ba. Maganin tsutsar nan aibamektin shi ma babban gwajin da aka yi a Brazil bai nuna amfani ba.

Ɗan Zangon Kumasi:
Wato dai har yanzu babu magani ke nan, sai addu'a.

Sista Ta Ingila:
Addu'a kullum, amma akwai magani yanzu Yaya, isowarsa gare mu ce matsala. Paxlovid ƙwayoyi ne da ake sha kwana 5, Amurka ta amince da shi a Disambar 2021. A gwajin da aka yi kan masu haɗari waɗanda ba su yi allura ba, ya rage kwanciya asibiti da mutuwa da kusan kashi 89. Sharaɗinsa a fara cikin kwana 5 da fitar alamu, wato kishiyar deksa. Akwai na kamfanin Merck, shi kusan kashi 30 ya rage. A 2021 gwamnatin Amurka wajen dala 530 ta sayi Paxlovid na mutum ɗaya. A 2022 an ba kamfanoni 35 izinin yin mai araha don ƙasashe 95 masu ƙaramin ƙarfi, Allah ya sa ya iso da wuri.

Ko ya iso, ba na sha da ka ba ne. A cikinsa akwai wani sinadari da aka aro daga maganin ƙanjamau, yana hana hanta sarrafa wasu magunguna. Mai shan maganin rage kitsen jini, ko na farfaɗiya, ko rifamfisin na tarin fuka, dole likita ya duba tukuna. Kuma wasu ciwon kan ɗan dawo bayan sun gama, kamar yadda ya faru da Biden, shugaban Amurka na lokacin, a ƙarshen Yulin 2022.

Amma likita ina da ja a kan wani abu. Kada mutane su tashi daga nan da tunanin karo na biyu kullum wasa ne. Ina da abokan aiki da suka yi ta sau uku, akwai wadda har yau hawa bene sai ta huta, ga mantuwa, kuma da lafiyarta ƙalau. Wani bincike da ya fito a watan Yunin 2022 daga bayanan asibitocin tsofaffin sojojin Amurka ya nuna kowace sake kamuwa tana ƙara haɗarin matsalar zuciya da huhu.

Likitan Zaure:
Sista ban ƙi ba, gajiyar bayan korona gaskiya ce, ina ganinta. Amma binciken nan a karanta shi da kyau. Mutanen cikinsa galibi maza ne tsofaffi masu cututtuka, kuma ya kwatanta wanda ya yi sau biyu da wanda ya yi sau ɗaya ne. Bai ce na biyu ya fi na farko tsanani ba. Ciwo biyu ya fi ciwo ɗaya illa, wannan ko ba bincike an sani. Ni tsorona a nan gida daban ne: in muka tsorata mutane da abin da ba sa gani, gobe in muka ce a kawo tsoho asibiti ba za su saurare mu ba.

Sista Ta Ingila:
Ni kuma tsorona a ce wa mace mai shekara 35 da ta kasa aikin gidanta wata shida lalaci ne ko aljanu. Mu bar shi a haka, kowa da inda yake tsaye.

Anti, in kuna da ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa, ki riƙa duba iskarsa safe da yamma. In ta sauka 92 ko ƙasa, ko ya fara haki, ko ƙirji ya riƙe, ko ya rikice, asibiti kai tsaye. Kuma kada ki dogara da lambar kaɗai. Wani bincike a Michigan a 2020 ya nuna na'urar takan ƙara wa baƙar fata maki, ta ce lafiya alhali iska ta yi ƙasa, kusan ninki uku fiye da yadda take yi wa farar fata. In idonki ya ga ba daidai ba, bi idonki. Suga ma a riƙa aunawa, zazzaɓi na tayar da shi.

Baba Mai Ritaya:
To mu masu furfura, haka za mu yi ta karɓar allura duk shekara har mu koma ga Allah?

Likitan Zaure:
Baba alamu sun nuna ta nan aka dosa, kamar yadda Turawa ke yi wa tsofaffinsu allurar mura kowace shekara. Ranar 15 ga Agustan 2022 Birtaniya ta amince da sabuwar allurar Moderna da ta haɗa nau'in farko da Omikron. A Indiya da Sin kuma a lokacin ana gwada wadda ake fesawa a hanci ko a shaƙa, don a samu kariya a daidai inda cutar ke sauka, abin da allurar dantse ba ta cika bayarwa ba. Ni ba zan bi matashi mai lafiya da ya riga ya yi biyu ina roƙonsa ba. Amma ku da kuka haura 60, da masu suga, da hawan jini, da ciwon ƙoda, da masu juna biyu, ku ne zan matsa wa.

Mai Kemis:
Na ji batun deksa. To azitiro fa, wato azitiromaisin? Shi ma kowa sai ya ce a sa masa.

Likitan Zaure:
Shi maganin bakteriya ne, korona kuwa bairos ce. Masu binciken Oxford ɗin nan sun gwada shi, bai yi komai ba. Farasitamol, ruwa da yawa, hutu. Citta da zumar Malam Ɗan Kwari ma ba laifi don maƙogwaro, ban da zumar ga mai suga.

Mai Kemis:
Likita ka san halin mutanenmu. In na ce farasitamol kawai, sai ya ce ban iya aiki ba, ya tsallaka shagon gaba a haɗa masa kala bakwai a leda.

Likitan Zaure:
Na sani. Ko zai tsallaka, ka tambaye shi shekarunsa, da ko yana da suga, da yadda numfashinsa yake. In ya haura 60 ko yana haki, ka ce masa wannan ya fi ƙarfin kemis, naka da na gaba duka, ka nuna masa hanyar asibiti.